Girka manhaja a Ubuntu da Debian a Yamai: yadda za ka bi da apt ba tare da ka ƙone mega ko ka lalata na'ura ba

Yawancin bayanan da ake samu kan girka manhaja a Linux an rubuta su ne ga mutumin da intanet ɗinsa ba ya yankewa, kuran kuma ba ya ɗaukewa. A Yamai ko Tawa lissafin ya sha bamban. Mega da kuɗi ake sayensa, kwamfutar sau da yawa ta hannu ce da ta sha aiki a Turai kafin ta iso, kuma a watan Afirilu da Mayu, lokacin da zafi ya kai maƙura, ba ka da tabbacin wuta za ta jira ka gama. Wannan bayani na Ubuntu ne da Debian da Linux Mint, domin dukkansu da apt suke aiki, wato kayan aikin da ke saukowa da manhajoji ya girka su.

Abin da ke faruwa idan ka ce a girka

Manhaja a waɗannan tsare-tsare tana zuwa ne a fakiti, fayil mai ƙarewa da .deb. Ba kasafai fakiti ɗaya yake tsayuwa da ƙafarsa ba. VLC, alal misali, ba ya ɗauke da lambar da ke buɗe bidiyo a cikinsa. Yana dogara ne kan libavcodec, wanda wasu manhajoji da dama suke amfani da shi tare. Shi kuma libavcodec yana da nasa madogaran, su ma suna da nasu, har a gangaro kan libc6, wanda kusan komai a na'urar yake tsaye a kansa. Kayan aiki biyu ne ke kula da wannan. Akwai dpkg, wanda aikinsa kwance fakiti ɗaya ya ajiye fayilolinsa inda suka dace. Bai san intanet ba, ba ya nemo komai. Sai apt, wanda ke duba rumbunan manhaja, ya lissafa duk abin da ake buƙata, ya sauko da su, sannan ya miƙa wa dpkg bi da bi.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne cewa an gina fakitocin kowane zubi ne domin su dace da junansu kaɗai. Ubuntu 22.04 yana da libc6 mai lamba 2.35, Debian 12 yana da 2.36, Ubuntu 24.04 kuma 2.39. Fakitin da aka gina wa 24.04 ba lallai ne ya shiga 22.04 ba, kamar dai yadda fistan ɗin wani babur ba ya zama a injin wani, ko da a ido sun yi kama. Mafi yawan rikicin madogarai daga cakuɗa zubi yake tasowa. Don haka kafin komai, buɗe Terminal, tagar da ake buga umarni a cikinta, ka san abin da ke gabanka:

cat /etc/os-release
dpkg --print-architecture

Na farko zai gaya maka suna da lambar zubi. Na biyu zai ce amd64 a yawancin na'urori. In ya ce i386, na'urar tana kan tsarin bit 32 ne, kuma manhajoji da yawa na yanzu, irin su Chrome, ba a yin su dominsa.

In kana da zaɓi, ka tsaya kan zubin Ubuntu mai LTS. Ana fitar da shi a watan Afirilu duk bayan shekara biyu, ana kuma kula da shi shekara 5. Sauran zubin da ke fitowa a tsakani wata 9 kacal suke yi. Idan wa'adinsu ya cika ana kwashe fakitocinsu daga rumbun yau da kullum zuwa old-releases.ubuntu.com, shi ya sa za ka ga apt yana ta jero 404, wato bai sami fayil ɗin ba, alhali rezo lafiya lau yake.

Karanta kafin ka ce to

Matakin farko kullum shi ne wannan (sudo da ke gaba yana ba umarnin izinin mai kula da na'ura):

sudo apt update

Wannan ba ya girka komai, jerin sunaye da lambobin fakitoci kawai yake sabuntawa. In ka tsallake shi, apt zai je neman zubin da rumbun ya riga ya maye gurbinsa, ya dawo da 404. Bayan haka, kafin ka taɓa na'urar, yi gwajin da ba ya canza komai:

apt -s install vlc

Harafin -s yana sa apt ya nuna abin da zai yi ba tare da ya yi ba. Idan ka ba da umarnin na gaske, sudo apt install vlc, zai tsaya ya tambaye ka. A na'urar da aka saita da Faransanci, kamar yadda aka fi yi a nan, tambayar ita ce "Souhaitez-vous continuer ? [O/n]". Mutane da yawa hannunsu ya saba buga O ido rufe. A saman tambayar akwai layuka uku da suka cancanci daƙiƙa goma na lokacinka: jerin sababbin fakitocin da za su shigo, yawan megan da za a sauke, da kuma layin da ke cewa "seront ENLEVÉS", wato waɗanda za a cire. Wannan na ƙarshe shi ne mai kashe na'ura. Ka zo girka ƙaramar manhaja, sai ka ga za a cire ubuntu-desktop ko gdm3 ko network-manager: buga n. Akwai rikici a ƙasa, kuma apt yana shirin warware shi ne ta hanyar rushe maka allon aiki gaba ɗaya.

Madogarai kuma ba darajarsu ɗaya ba. Akwai Depends, waɗanda manhaja ba ta tashi sai da su. Akwai Recommends, waɗanda apt yake haɗowa da kansa ko da ba dole ba ne. Akwai Suggests, waɗanda ba ya taɓawa sai ka nema. Duba su da apt-cache depends vlc. Idan mega ya yi ƙaranci:

sudo apt install --no-install-recommends vlc

Wani lokaci ragin yana da yawa ƙwarai. Amma kada ka mayar da shi ɗabi'a, musamman ga manyan manhajoji irin LibreOffice ko QGIS. Abin da ka ƙi saukewa yau shi ne zai sa gobe wani maɓalli ya ƙi aiki, kuma ba za a gaya maka dalili ba.

Raba saukewa da girkawa

In ba za ka ɗauki komai daga wannan bayani ba sai abu ɗaya, to wannan ne. Aikin apt kashi biyu ne, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Lokacin saukewa, ko rezo ya yanke ko wuta ta ɗauke, babu abin da ya lalace: guntun fayil yana nan a /var/cache/apt/archives/partial, kuma in ka maimaita umarnin yawanci daga inda ya tsaya zai ci gaba. Lokacin girkawa kuwa, dpkg yana tsakiyar musanya fayilolin tsarin, tsoho ya fita, sabo bai gama zama ba. Ɗaukewar wuta a nan ita ce matsala. Saboda haka ka raba su:

sudo apt install -d libreoffice
sudo apt upgrade -d

Harafin -d yana nufin a sauke kawai. Yi wannan da dare in kana da forfen dare a Airtel ko Moov ko Zamani, ko a duk inda ka samu wifi. Daga baya, idan batirin kwamfutar hannu ya cika ko ondiler yana da caji, sai ka maimaita umarnin ba tare da -d ba. Zai ga fakitocin suna nan, ba zai sauke komai ba, girkawar kuma ƴan mintuna ce. Ga kwamfutar tebur da ba ta da ondiler, kada a fara babban sabuntawa, musamman mai taɓa linux-image (wato kernel, zuciyar tsarin) ko libc6, a lokacin da aka san unguwar tana yawan rasa wuta.

In kuma abin ya riga ya faru, na'urar za ta ce an katse dpkg. Bi wannan jeri, kada ka sauya shi:

sudo dpkg --configure -a
sudo apt --fix-broken install
sudo dpkg --audit

Na farko yana ƙarasa saita fakitocin da aka kwance aka bari. Na biyu yana nemo abin da ya ɓace. Na uku in bai ce komai ba, an gama. In allon shiga ya ƙi fitowa, danna Ctrl da Alt da F3 tare, ka shiga da sunanka, ka buga su a can. A lura: a wannan baƙin allo wani lokaci maɓallan suna komawa QWERTY alhali naka AZERTY ne, sai kalmar sirri ta yi ta ƙin shiga. Gwada buga ta a gurbin suna ka ga haruffan da ke fitowa, sannan ka goge. In na'urar ta ƙi tashi kwata-kwata bayan an katse sabunta kernel, riƙe Shift ko ka danna Esc lokacin kunnawa, ka shiga zaɓin ci-gaba na GRUB, allon zaɓi da ke fitowa kafin tsarin ya tashi, ka tashi da kernel na baya. Dalilin da ya sa ake barin tsoho guda ɗaya ke nan.

Mega da ke zurarewa ba ka sani ba

Ubuntu yana sabunta kansa a ɓoye ta hanyoyi biyu. Akwai unattended-upgrades mai sauko da gyaran tsaro, akwai kuma snap, wata hanyar girka manhaja daban da apt, wanda ke duba sabuntawa sau huɗu a rana. Firefox kansa snap ne tun daga Ubuntu 21.10. In da wayarka kake raba intanet, gaya wa na'urar cewa wannan layin na awo ne:

nmcli connection show
nmcli connection modify "sunan-layin" connection.metered yes
sudo snap set system refresh.metered=hold

Amma fa ka tuna ka riƙa yin sabuntawar da hannunka in ka samu wifi. Na'urar da ta shekara ba gyaran tsaro ba tsimi aka yi ba.

Shi wannan unattended-upgrades ne kuma yake jawo saƙon "Impossible d'obtenir le verrou /var/lib/dpkg/lock-frontend" jim kaɗan bayan kunna na'ura. Za ka ga masu ba da shawarar a goge fayil ɗin makullin. Kada ka yi. Makullin yana nan ne domin wani dpkg yana aiki. In ka goge shi ka tada na biyu, su biyun za su riƙa rubutu a kundi ɗaya. Saƙon yakan faɗi lambar aikin da ke riƙe da shi. Jira, ka sha shayi, ka dawo.

Na'ura goma, saukewa ɗaya

A siber ko ɗakin kwamfuta na lekwal, asara ce kowace na'ura ta sauko da fakiti iri ɗaya da kanta. Zaɓi na'ura ɗaya da ke kunne kullum, ka ba ta adireshin da ba ya canzawa, ka girka mata:

sudo apt install apt-cacher-ng

Tana saurare a ƙofa mai lamba 3142. A kowace ɗaya daga sauran, ƙirƙiri fayil /etc/apt/apt.conf.d/02proxy, ka rubuta wannan layi a ciki, da adireshin taka uwar, wato na'urar da ka zaɓa:

Acquire::http::Proxy "http://192.168.1.10:3142";

Na'urar farko da ta nemi fakiti ita ce za ta ci mega, sauran tara daga cikin gida za su ɗauka. Abu biyu ke ba mutane wahala a nan. Rumbunan da adireshinsu ya fara da https ba a iya ajiye kayansu ta wannan hanya, kuma sai ka buɗe musu hanya da PassThroughPattern a /etc/apt-cacher-ng/acng.conf, in ba haka ba za su ƙi aiki. Sannan kwamfutar hannu da aka yi wa wannan saiti, in ta bar ofis, apt zai yi ta neman uwar da ba ta nan. Sai an sa # a gaban layin.

In babu igiyar da ta haɗa na'urorin, kile USB ya wadatar, da sharaɗin zubi ɗaya ne da tsarin gini ɗaya. Sai dai umarnin apt yana goge fayilolin .deb da zarar ya gama girkawa, saɓanin apt-get da ke barinsu. Hana shi da wannan:

echo 'Binary::apt::APT::Keep-Downloaded-Packages "true";' | sudo tee /etc/apt/apt.conf.d/01keep-debs

Kwafi fayilolin /var/cache/apt/archives zuwa kile, ka zuba su a folda mai wannan suna a ɗaya na'urar, ka yi apt update, sannan apt install. Abin da ya tarar a ciki ba zai sake saukewa ba.

Ga na'urar da ba ta ganin intanet ko kaɗan, kamar ta asibitin karkara a wajen Tawa, akwai apt-offline. A girka shi tun na'urar tana gari, domin shi ma fakiti ne. A can ƙauye: sudo apt-offline set buƙata.sig --update. A kai fayil ɗin inda akwai rezo: apt-offline get buƙata.sig --bundle kaya.zip. A koma: sudo apt-offline install kaya.zip. Wannan zuwan farko jeri kawai ya sabunta. Sai a sake yin set da --install-packages da sunan manhajar, a sake zagayen. Zuwa biyu ne, a shirya masa tun farko.

Fayil ɗin .deb da ka samo daga waje

Chrome, Zoom, direbobin wasu na'urorin buga takardu, duk a .deb suke zuwa daga shafin masu su. Kada ka girka su da dpkg -i, domin ba zai nemo madogarai ba, zai bar fakitin rabi-da-rabi. Yi haka, kana cikin foldar da fayil ɗin yake:

sudo apt install ./sunan-fayil.deb

Ɗigon da sandar da ke gaba dole ne. In babu su apt zai ɗauka sunan fakiti ne a rumbu, ya ce bai gan shi ba.

Ga saƙon da ya fi rikita mutane. Kana kan 22.04, ka sauko da fakitin da aka yi wa 24.04, sai ka ga "dépendances non satisfaites", a ƙasa kuma layi mai kama da: Dépend: libc6 (>= 2.38) mais 2.35 devra être installé. Karanta shi a hankali, ya faɗi komai: manhajar tana son libc6 daga 2.38 zuwa sama, kai kuma 2.35 gare ka. Babu umarnin da zai gyara wannan. Hanyoyin kirki uku ne: ka nemo fakitin da aka gina wa zubinka, ka ɗaga tsarin gaba ɗaya zuwa sabon zubi, ko ka nemi manhajar a Flatpak, wata hanyar girkawa da bayaninta ke tafe a ƙasa. Hanyar banza ita ce ka sauko da libc6 na wani zubi ka tura shi da --force, ko ka ƙara rumbun noble (24.04) a na'urar jammy (22.04). Zai yiwu manhajar ta tashi yau. Amma daga ranar kowane sabuntawa zai riƙa jan rabin tsarin gaba, rabi yana baya, kuma ƙarshenta sai an sake girka komai daga farko.

Idan ba ka gane daga ina wani fakiti ya fito ba, apt policy da sunansa zai nuna zubin da ke girke, da wanda ake shirin sakawa, da rumbun kowanne. Nan ne ake kama PPA mai laifi. PPA rumbun wani mutum ne ko wata ƙungiya a Launchpad, na Ubuntu ne kawai, kada a saka shi a Debian. Share layinsa ba ya mayar da fakitocin da ya riga ya canza. Ppa-purge ne ke cire shi ya kuma dawo da na asali. Rumbunan waje kuma suna buƙatar makullin sa hannu. An daina amfani da apt-key. Yanzu ana ajiye makullin a /etc/apt/keyrings, a nuna shi da signed-by a layin rumbun. Duk bayanin da ya ce ka sa trusted=yes don saƙon NO_PUBKEY ya tafi, yana cewa ne ka karɓi kowane fakiti ba tare da an duba wanda ya aiko shi ba.

Kurakurai biyu da ba na apt ba ne

Tsofaffin kwamfutoci da yawa ƙaramin batirin agogonsu, CR2032, ya mutu. Duk lokacin da aka cire wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Sai apt update ya ce fayil ɗin Release bai fara aiki ba tukuna, shafukan https su ma su ƙi buɗewa. Buga date ka gani. Gyara:

sudo timedatectl set-timezone Africa/Niamey
sudo timedatectl set-ntp true

In bai daidaita ba, sa shi da hannu da sudo date -s, sannan ka sayi batirin wurin masu gyaran agogo ko kwamfuta. Na biyun shi ne idan forfe ya ƙare ko wifi yana son a shiga ta wani shafi: apt ya nemi jeri, aka ba shi shafin talla, sai ya yi ƙorafin NOSPLIT ko "Hash Sum mismatch". Buɗe burauza ka tabbatar intanet na tafiya. In saƙon ya nace, goge jerin da ya gurɓata da sudo rm -rf /var/lib/apt/lists/* sannan apt update. Duba layin sau biyu kafin Enter. Sarari ɗaya da ya faɗa inda bai dace ba a cikin rm -rf yana iya share abin da ba ka nufa ba.

Flatpak, AppImage da Python

Flatpak yana kauce wa rikicin zubi ne ta hanyar zuwa da nasa madogaran. Kuɗin hakan shi ne girma: manhajar farko za ta jawo ginshiƙi na ɗaruruwan mega, ko da ita kanta ƙarama ce. Na biyu da na uku masu ginshiƙi ɗaya sun fi sauƙi. Linux Mint yana zuwa da shi a shirye. AppImage fayil ɗaya ne da za ka iya yawo da shi a kile: chmod +x, sai ka tada shi. In ya ƙi tashi a Ubuntu na yanzu, yawanci libfuse2 yake nema, wanda a 24.04 sunansa libfuse2t64. Kula da sunan sosai. Fakitin da ake kira fuse kawai wani abu ne daban, yana karo da fuse3, kuma girka shi yana iya cire wasu sassan allon aiki.

Ɗaliban da ke koyon Python a Jami'ar Abdou Moumouni ko ta Tawa za su ci karo da "externally-managed-environment" in sun buga pip install a Debian 12 ko Ubuntu 24.04. Da gangan aka sa shi. Kayan aikin tsarin da dama da Python aka rubuta su, kuma pip yana iya maye gurbin abin da suke dogara a kai ba tare da apt ya sani ba. Kada a bi ta --break-system-packages. A yi wa kowane aiki keɓaɓɓen wurinsa:

sudo apt install python3-venv
python3 -m venv aiki
source aiki/bin/activate
pip install pandas

In wani abu ya cakuɗe a ciki, goge foldar aiki ka sake wata. Don kai su na'urar da ba intanet, pip download -d kaya pandas zai tara fayilolin a foldar kaya, a can kuma pip install --no-index --find-links kaya pandas zai girka su, muddin zubin Python ɗaya ne a na'urorin biyu.

Shara

Idan ka cire manhaja, madogaranta suna zama. sudo apt autoremove yana kwashe su tare da tsofaffin kernel, waɗanda in sun taru suke cika /boot har sabuntawa ta tsaya a tsakiya; df -h zai nuna maka ko ya kusa cika. Shi ma karanta jerinsa kafin ka amince. In ka ga wani abu da kake amfani da shi a ciki, sudo apt-mark manual da sunansa zai fitar da shi daga jerin. Idan kuma na'ura ta fara wani hali bayan sabuntawa, buɗe /var/log/apt/history.log: kowane umarni yana nan da ranarsa da sa'arsa, da abin da ya shigo da abin da ya fita. In rumbun yana da tsohon zubin har yanzu, apt policy zai nuna lambarsa; mayar da shi da sudo apt install suna=lamba, ka riƙe shi da sudo apt-mark hold suna har gyara ya fito, sannan ka sake shi da unhold.